YADDA AKE RAGE ƘARAR JIRGIN SAMA



Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar da ke maƙwabtaka da filin jirgin sama, ko ya yi rakiyar alhazai har ya tsaya ya ga tashinsu, ya san abin da zan yi magana a kansa. Jirgi na tsaye a bakin titinsa, sai ka ji wani fito siriri yana ta hauhawa, can sai rugugi ya biyo baya kamar aradu, ƙasa ta ɗauki rawa, tagogi su yi ta kaɗawa, mai magana ya tsaya da bakinsa a buɗe har abin ya wuce. Mu da muka saba mukan ce ai haka jirgi yake, abin da zai ɗauki mutum ɗari uku ya yi sama da su tilas ya yi ruri. To, ashe ba tilas ba ne. Manyanmu da suka san jiragen shekarun 1960 da 1970 suna cewa na yanzu ba su kama ƙafar waɗancan ba wajen ƙara, kuma gaskiyarsu ne. Abin da nake so mu duba shi ne, daga ina ƙarar nan take fitowa, da wace dabara aka rage ta, kuma me ya hana a rabu da ita baki ɗaya.

Kafin mu shiga cikin injin, sai mun san mudun da ake awon ƙara da shi. Sunansa desibel, an samo sunan daga Alexander Graham Bell, mutumin nan na wayar tarho. Hirar mutum biyu ba tare da ɗaga murya ba takan kai desibel 60. Wanda ke yini cikin ƙarar da ta kai 85, kamar mai aikin injin niƙa, a hankali jinsa zai riƙa raguwa. Daga 120 zuwa 130 kunne ke fara zafi. Wanda ya tsaya kusa da jirgin jet yana shirin tashi kuwa, abin yakan kai 140. Sai dai mudun nan yana da wani hali da ke rikita ɗalibai a aji. Ba kamar awon hatsi ba ne, inda tiya ashirin take ninki biyu na tiya goma. A nan duk ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma, amma kunne sai ya ji kamar sau biyu kawai ya ninka. Watau idan aka ce an rage wa jirgi desibel 10, an kawar da kashi tara cikin goma na ƙarfin ƙararsa ke nan, amma mutumin da ke zaune a tsakar gidansa zai ce rabi aka rage. Ku riƙe wannan, domin shi ya sa injiniyoyi ke shan wahala mai yawa, jama'a kuwa su ga kamar ba a yi kome ba.

Wani zai ce, to ƙarar da ke wucewa cikin minti ɗaya, mene ne abin damuwa a cikinta? Amsar ta shafe mu mu 'yan makaranta fiye da kowa. A shekarar 1992 aka rufe tsohon filin jirgin saman birnin Munich na ƙasar Jamus, aka koma sabo a wani gefe. Masana suka ga dama ta samu, suka jarraba yaran unguwannin biyu kafin ƙaura da kuma bayanta. Yaran da ke kusa da tsohon filin, da aka ɗauke musu ƙarar, karatunsu da riƙon abin da suka koya suka gyaru. Yaran da sabon filin ya sauka a kusa da su kuwa, nasu ya ja baya. Haka kuma a 2005 aka buga sakamakon wani babban bincike a kan yara fiye da 2,800 na makarantu 89 da ke kewayen filayen jirgin saman Landan da Amsterdam da Madrid. Aka tarar gwargwadon yawan ƙarar jirgi a makaranta, gwargwadon jinkirin yaro wajen fahimtar abin da ya karanta. A Ingila ƙarin desibel 5 yakan mai da yaro baya har kamar wata biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Malam yana tsakiyar bayani jirgi ya katse shi, hankalin yaro ya tashi, kafin a dawo an manta inda aka tsaya, kuma haka ake yi sau da yawa a yini. Manya ma ba su tsira ba, don an ga alaƙa tsakanin zama cikin wannan ƙara, musamman ta dare mai hana barci, da hawan jini da ciwon zuciya. Saboda haka a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawara kada matsakaicin ƙarar jirgi a unguwa ya wuce desibel 45, da dare kuwa 40.

INDA ƘARAR KE FITOWA

Injin jet bai tsufa ƙwarai ba. Mutum biyu ne suka ƙago shi, kowa a ƙasarsa: Frank Whittle a Ingila, da Hans von Ohain a Jamus. Jirgi na farko da ya tashi da irin wannan inji na Jamus ne, a watan Agusta na 1939. Ɗaukar fasinja kuwa sai a 1952 aka fara da jirgin Comet na Ingila, sa'an nan Boeing 707 na Amurka ya biyo baya a 1958.

Aikin injin mai sauƙin fahimta ne. Yana zuƙar iska ta gaba, wasu jerin fankoki su matse ta tamau, a fesa mata kananzir a kunna wuta. Iskar ta yi zafi ta kumbura, ta rasa mafita sai ta baya, sai ta fita da gudu, jirgi kuma ya yi gaba. Kamar dai ka hura balan-balan ka sake shi. A kan hanyarta ta fita takan juya wata ƙafa mai fukafukai da ake kira tarbain, ita kuma tarbain ɗin ita ke juya fankokin gaba.

Da yawanmu muna zaton ƙarar daga cikin injin take, daga wutar ko daga gogar ƙarfe da ƙarfe. Ni ma haka na zata. Ashe mafi yawan rugugin tsofaffin jirage a waje ake haifarsa, bayan iskar ta riga ta bar injin. Zazzafar iskar tana fitowa da gudun da ya zarce mita 500 a sakan ɗaya, alhali sauti kansa mita 340 yake yi. Sai ta tarar da iskar Allah tana tsaye a sanyaye. Inda suka haɗu sai su yi ta yagar juna, guguwa ƙanana da manya su yi ta tashi suna fashewa, kowace tana girgiza iska. Wannan girgizar ita ce ke isowa kunnenmu. Ƙananan guguwar da ke bakin injin su ke ba da sauti mai tsini, manyan da ke can baya su ke ba da rugugi mai kauri, wanda ke ratsa bango ya yi tafiya mai nisa.

Wanda ya warware lissafin wannan al'amari wani malamin lissafi ne na Jami'ar Manchester, James Lighthill, a shekarar 1952, yana saurayi bai kai talatin ba. Abin da ya gano shi ne, ƙarfin ƙarar yana bin gudun iskar ne, amma ba sau ɗaya ba, sau takwas. 'Yan aji uku sun san abin da ake nufi. In ka ninka gudun iskar sau biyu, ƙarar ba sau biyu za ta ninka ba, sai dai 2 sau 2 sau 2, har ka jera takwas, watau 256. Wannan labari ne mai ban tsoro, amma juya shi ka gani. In ka rage gudun da rabi, abin da zai saura na ƙarar kashi ɗaya ne cikin 256. Ko da kashi ɗaya cikin biyar kaɗai ka rage wa gudun, ƙarar za ta koma kamar kashi ɗaya cikin shida. Kusan duk nasarar da aka samu tun daga lokacin, a kan wannan lissafi aka gina ta. Masu tambayar ina amfanin lissafin da ake wahalar da mu da shi, ga amsa guda.

ME YA HANA A SA MASA SALANSA?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke fara yi. Babur yana da salansa, mota tana da ita, me ya hana jirgi? Bambancin shi ne, hayaƙin babur ba shi da wani aiki, ko ka tare shi ka karkatar da shi babur zai tafi, don ƙafa ke tura shi. Jirgin jet kuwa iskar da ke fita ta baya ita ce ƙafarsa. Ka tare ta, ka hana shi tashi. Bayan haka kuma, ta yaya za ka rufe ƙarar da ba a cikin bututu take faruwa ba?

Duk da haka an gwada abin da ya yi kama da salansa, don ba yadda aka iya. Lokacin da Boeing 707 zai fara aiki, hukumar da ke kula da filayen jirgin saman Niyok ta kafe, ta ce jet ba zai riƙa tashi a wurinta ba in ya fi manyan jirage masu farfela damun jama'a, ta kuma kafa iyaka. Sai aka raba bakin injin ta baya zuwa bututu ƙanana da yawa, wasu kuma aka yi musu baki mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar fure, don zazzafar iska ta gauraya da ta waje da wuri. An sami 'yar sauƙi, amma da tsada: nauyi ya ƙaru, ƙarfi ya ragu, shan mai ya hau. Kuma mutanen unguwa ba su daina kuka ba.

Maganin gaske ya zo ne ta wata hanya. Ƙarfin da ke tura jirgi ya dogara ga abu biyu, yawan iskar da aka jefa baya, da gudun da aka jefa ta da shi. Ana ninka wannan da wancan. Misali, jirgi na tsaye, injinsa yana jefa kilo 100 na iska kowane sakan da gudun mita 600. Wani injin kuma yana jefa kilo 200 da gudun mita 300. Turawarsu ɗaya ce, 60,000 a nan, 60,000 a can. Amma ƙararsu fa? Na biyun gudun iskarsa rabi ne, saboda haka lissafin Lighthill ya ba shi kashi ɗaya cikin 256. Sai dai kada mu yi wa kanmu wayo, domin kafin ya fitar da iska mai yawa haka a hankali, dole bakinsa ya fi na farkon faɗi sau huɗu, kuma faɗin yana ƙara ƙara. In ka cire wannan, sai a tashi da kashi ɗaya cikin 64, watau ragin desibel 18. Ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda aka aikata wannan shi ne, aka kafa wata ƙatuwar fanka a gaban injin. Kaɗan daga iskar da ta zuƙo ke shiga wurin wuta, saura duk ta gefe take bi, ta kewaye injin ta fita baya a sanyaye, ba da gudu mai tsanani ba. Ban da turawar da take yi, tana kuma lulluɓe zazzafar iskar ta tsakiya kamar bargo, ta hana ta karo kai tsaye da iskar waje. Injunan farko na wannan iri, kamar Conway na kamfanin Rolls-Royce, iskar gefensu ba ta ma kai ta tsakiya yawa ba. Injin JT8D na jirgin Boeing 727 ya kai kusan ɗaya da ɗaya. Da Boeing 747 ya fito a 1970, iskar gefe ta ninka ta tsakiya sau biyar. Injin GE90 na Boeing 777, wanda ya fara aiki a 1995, ya kai kusan tara, wasu na yanzu kuwa sun kai goma sha biyu. Shi ya sa injunan tsofaffin jirage ke da siffar sigari, na yanzu kuwa kamar ganga. Fankar injin GE9X faɗinta ya kai mita 3.4, ya fi tsayin bangon ajinmu.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wani zai ce na cika zato. Ban yarda tausayin masu barci ne kaɗai ya sa kamfanoni suka rungumi wannan dabara ba. Ku koma ga misalin nan na sama. Ƙarfin da ake kashewa wajen jefa iska yana bin gudun ne sau biyu, saboda haka injin na biyu rabin ƙarfin na farko yake zubawa a iska don turawa iri ɗaya. Watau mai kaɗan yake sha. Jifa ɗaya tsuntsu biyu. Da a ce rage ƙara asara ce tsagwaronta, da ban ga alamar za a kai inda aka kai yau ba.

AN KASHE MACIJI, BA A SARE KANSA BA

Da rugugin baya ya lafa, sai aka fara jin abin da ya daɗe yana rufewa. Fankar nan da ta kawo sauƙi ita ma tana da nata kukan. Ita ce ke yin fiton nan mai shiga kunne lokacin da jirgi ke sauka. Lokacin tashi kuwa, bakin fukafukanta yakan wuce gudun sauti, sai ka ji wani kuka kamar na injin yankan katako. Wanda ya taɓa zama a kujerun gaba cikin jirgi ya san shi.

A bayan fankar akwai wasu fukafukai tsayayyu masu miƙar da iska. Duk lokacin da fiffike mai juyawa ya wuce ta gaban tsayayye, iskar da ya jawo takan mare shi, kuma marin nan sau dubbai ake yinsa a sakan ɗaya. A 1962 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin Pratt & Whitney, Tyler da Sofrin, suka nuna cewa in aka zaɓi adadin fukafukan da hikima, tsayayyun suka ɗara ninki biyu na masu juyawa, to babban sautin zai mutu tun a cikin injin, ba zai iya fitowa ba. Dubi ikon Allah, ba a ƙara ƙarfe ba, ba a rage mai ba, ƙidaya kawai aka gyara. Aka kuma nisanta jerin biyu da juna don marin ya yi sanyi.

Sa'an nan aka shimfiɗa wa cikin rigar injin wani abu mai kama da saƙar zuma, aka rufe shi da faifan da aka huda da ƙananan ramuka dubbai. Kowane ɗaki na saƙar yana aiki kamar kwalba. Ka san in ka hura bakin kwalba takan yi kuka, kuma kowace kwalba da muryarta gwargwadon girmanta. To, haka in sautin da ya dace da muryar ɗakin ya zo wucewa, iskar da ke bakin ramin sai ta yi ta shiga da fita da sauri, tana goga, har ƙarfin sautin ya ƙare a nan ya zama ɗan ɗumi. Injiniya yana auna zurfin ɗakunan daidai da kukan da yake son kashewa.

Wata dabarar kuma ita ce giya. Tarbain tana son gudu, fanka kuwa gara ta yi a hankali, amma sanda ɗaya ta haɗa su, dole kowa ya haƙura. Kamfanin Pratt & Whitney ya sa giya a tsakaninsu, tarbain ta juya kamar sau uku kafin fanka ta juya sau ɗaya. Irin wannan inji ya fara aiki a jirgin Airbus A320neo a 2016.

Idan kun sami hoton Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, ku dubi bayan rigar injinsa. Za ku ga an yanka ta kamar haƙoran zarto. Ba ado ba ne. Haƙoran suna sa iskar injin ta gauraya da ta waje cikin lalama, manyan guguwa ba su samun damar haɗuwa. Hukumar NASA ta Amurka da kamfanonin Boeing da General Electric suka yi shekaru suna gwajinsu. Amma su ma suna cin ɗan ƙarfin injin, shi ya sa ba kowane sabon jirgi ke da su ba. Airbus A350 ba shi da su, kuma ba a san shi da ƙara ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki cikin karatun nan duka shi ne, jirgin zamani in yana sauka, jikinsa kan yi ƙarar da ta yi kusa da ta injinsa. Ƙafafu sun sauko, an buɗe faifayen fukafuki, iska tana dukan kowane lungu. Akwai wani labari mai daɗi a kan wannan. Shekara da shekaru mutanen da ke zaune a ƙarƙashin hanyar saukar jirage a Turai suna ƙorafin wani kuka mai ban haushi da jiragen A320 ke yi tun suna nesa da fili. Da masana a Jamus suka bi diddigi, sai suka tarar ba injin ba ne sam. Wasu ramuka ne zagayayyu a ƙarƙashin fiffike, masu alaƙa da tankin mai, iska ke hura bakinsu kamar yaro da kwalba. Maganin ɗan guntun ƙarfe ne, bai fi tsawon yatsa ba, aka kafa a gaban kowane rami ya wargaza iskar. Kamfanin Lufthansa ya fara sa shi a 2014, wasu suka bi. Ka ga kwalbar da ta yi magani a cikin inji, ita ce ta zama cuta a fiffike.

In an tara waɗannan duka, jirgin da ake ƙerawa yau ya fi na shekarun 1960 sauƙi da wajen desibel 20. A kunne, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na ƙarar da.

DOKA DA TSARI

Ba a bar abin ga ganin damar masu ƙira ba. Amurka ta kafa dokar ƙarar jirgi a 1969. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, mai mazauni a Montreal ta Kanada, ta kafa tata a 1971, ta tsananta a 1977, ta sake a 2006, ta kuma sake daga ƙarshen 2017. Kafin a ba sabon samfurin jirgi takardar izini, sai an auna shi a wuri uku: a ƙarƙashin hanyar tashinsa, kilomita 6.5 daga inda ya fara gudu, a ƙarƙashin hanyar saukarsa, kilomita 2 kafin bakin titi, da kuma a gefe, mita 450 daga titin. Tsofaffin jirage masu ƙara kuwa, Amurka ta hana manyansu aiki daga ƙarshen 1999, Tarayyar Turai daga Afrilun 2002. Wasu aka sa musu kayan rage ƙara suka ɗan ƙara kwana, wasu aka sayar. Ba sai na faɗa muku inda da yawansu suka nufa ba. Ƙarar da Bature ya ce ya gaji da ita, mu a Afirka muka yi shekaru muna jinta.

Jirgin Concorde na Ingila da Faransa, wanda ya yi aiki daga 1976 zuwa 2003, shi ba a iya yi masa kome ba. Mai gudun da ya ninka na sauti sau biyu ba ya iya ɗaukar inji mai faɗin ganga. Sai da aka je kotu kafin aka bar shi ya sauka a Niyok a 1977.

Matuƙa su ma suna da nasu aikin. Bayan tashi, in jirgi ya ɗan yi sama, sukan sassauta wuta har a wuce kan gidaje. Wajen sauka, maimakon a riƙa saukowa hawa-hawa kamar matakala, ana ba inji wuta a kowane mataki, yanzu an fi son a sulalo a hankali tun daga nesa, inji na hutawa. Wasu filayen kuma dare ne suka hana. A Frankfurt, tun daga 2011, ba tashi ba sauka daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba sai da wani dalili na musamman. A Osaka ta Japan mutanen unguwa suka yi ta shari'a da hukuma a kan ƙara, har daga bisani aka cike teku aka yi tsibiri, aka gina sabon fili a kansa, aka buɗe a 1994.

Wanda zai fi burge iyayenmu manoma shi ne na ƙasar Holan. Bayan an buɗe wani sabon titi a filin jirgin Schiphol a 2003, mutanen garuruwan kusa suka addabu da rugugin tashin jirage, don ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, babu tudun da zai tare sauti. Sai aka lura cewa duk lokacin da manoma suka yi huɗa, ƙarar takan ragu. Da aka bincika, ashe kunyoyin ne ke wargaza sautin suna mai da shi sama. Sai aka ware fili aka yi manyan kunyoyi wajen 150, kowace ta fi tsayin mutum, aka buɗe wurin a 2013, ya zama wurin shan iska kuma.

Saura abu guda, wanda ba ya bukatar injiniya ko ɗaya, amma ya fi duka wuyar kiyayewa: kada a bar gari ya ci filin jirgi. Jirgin sama ya fara sauka a Kano tun 1925, kuma sa'ad da aka kafa filin jirginta a bayan gari yake. Yau gidaje sun kewaye shi, kamar yadda ya faru a birane da yawa na duniya. Fuloti a irin wannan wuri yakan yi araha, kuma arahar tana da dalili. Uban da zai sayi fili, ko jama'ar da za su gina makaranta ko asibiti, ya kamata su je wurin su tsaya a lokacin da jirage ke tashi, su lura ko yana daidai saitin titin ne, domin wanda ke ƙarƙashin hanya ya fi wanda ke gefe shan wahala ko da nisansu ɗaya. 'Yan'uwanmu masu aiki a filin jirgi kuwa, masu lodi da masu ba da hannu, kada su raina abin toshe kunnen da ake ba su. Jijiyoyin ji da ƙara ta kashe ba su sake tsirowa.

Yanzu haka masu ƙira sun iso wata mararraba. Fanka ta yi girman da in aka ƙara, rigarta za ta yi nauyi ƙwarai, kuma injin zai nemi taɓa ƙasa. Saboda haka kamfanin CFM, na haɗin gwiwar Amurka da Faransa, ya sanar a 2021 cewa yana aikin wani inji mai fanka a buɗe, ba riga ko kaɗan, da niyyar rage shan mai da kashi ɗaya cikin biyar. An taɓa gwada irinsa a shekarun 1980 aka ajiye, kuma ƙara na cikin abin da aka yi kuka da shi. In babu riga, babu inda za a shimfiɗa saƙar zumar nan, sai dai a nemi sauƙin daga siffar fukafukan da adadinsu da saurin juyawarsu.